"Iya kwamfuta" a sanarwar ɗaukar aiki: me ake nufi, kuma wa zai koya wa ɗalibin Maraɗi?

Duk wanda ya taɓa karanta sanarwar ɗaukar ma'aikata a Maraɗi, ta furoje ce, ta banki ce ko ta kamfanin sufuri, ya san layin nan da ba ya ɓacewa a cikin sharuɗɗa: maîtrise de l'outil informatique. Da Hausa dai, mutum ya iya aiki da kwamfuta. Ɗalibi zai karanta, ya dubi wayar da ke hannunsa, wadda yake tura kuɗi da ita, yake karɓar darasi a zauren WhatsApp na ajinsu, ya ce ai wannan sharaɗin ya cika shi tuni. Ranar gwaji sai a zaunar da shi gaban na'ura, a ba shi sunayen magidanta ɗari uku, a ce ya ware na kowane ƙauye ya fitar da jimilla. Nan ido ke raina fata.

A ƴan shekarun nan ruɗanin ya ƙaru. Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamba na 2022 ake jin masu cewa koyon Word da Excel tsohon yayi ne, tunda na'ura za ta rubuta wa mutum komai. Wasu kuma na cewa ɗalibin da bai koyi rubuta manhaja ba, zamani ya tafi ya bar shi. A 2025 Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ya fara aiki a Nijar da izinin hukuma, aka shiga cewa matsalar rezo ta kusa ƙarewa. Uban da ke Dakwaro ko Mayahi, wanda ɗansa ya bugo waya yana roƙon a saya masa kwamfuta, bai san wace magana zai kama ba kafin ya ja rago zuwa kasuwa.

## Hawa uku, suna ɗaya

Kalmar anformatik ce ke rikita lissafin, domin abubuwa dabam-dabam ake kira da ita.

Akwai sarrafa waya: saƙo, hoto, tura kuɗi, neman abu a intanet. Ba abin rainawa ba ne. Ɗan kasuwar Maraɗi da bai taɓa shiga lakwal ba yana kammala ciniki da Kano ko Kwatano da saƙon murya kaɗai. Sai dai mai ɗaukar aiki ba ya ƙirga wannan, tunda duk masu neman aikin sun iya.

Akwai kuma sana'ar kwamfuta ita kanta: rubuta manhaja, shimfiɗa rezo, gina rumbun bayanai. Wannan fanni ne mai zaman kansa kamar likitanci ko gini, mutum kan shafe shekaru yana karatunsa, kuma ba shi ake nema ga akanta ko malamin gona ba.

Abin da sanarwar ke nufi yana tsakanin biyun. Shi ne mutum ya ɗauki aiki daga farkonsa ya kai shi ƙarshe a kan na'ura ba tare da ya nemi wani ya kama masa ba: ya rubuta rahoto ya tsara shi, ya shigar da alƙaluma ya sa na'ura ta yi lissafin, ya aika ta imel da sunan fayil mai ma'ana, ya adana inda ba zai ɓace ba, ya kare abin da aka ba shi amana, ya kuma iya gane bayanin da za a dogara da shi daga wanda ba za a dogara da shi ba. A kan wannan tushen ne kowane fanni ke ɗora manhajar da ta dace da shi.

## Daga ina giɓin ya taso

Karatun jami'a a jihohi sabon abu ne a Nijar. Shekaru da dama jami'ar gwamnati guda ce a Yamai, wadda ta samo asali a 1971. Ta Maraɗi ta fara ne da cibiyar koyon fasaha ta IUT a 2008, ta zama cikakkiyar jami'a a 2010 tare da ta Damagaram da ta Tawa, daga baya aka sa mata sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo. Tsarin karatun da ake bi, na lisans da masta da daktora, ya ɗora wa ɗalibi aiki mai yawa da zai yi shi kaɗai: bincike, rahoton estaj, memuwar ta ƙarshen zango. Tsarin ya ɗauka cewa ɗalibin na da na'ura kuma ya iya ta. Da yawa kuwa sun ci BAC ne a makarantun da kwamfuta, in ma akwai, tana ofishin shugaba.

Na biyu, a nan waya ta riga kwamfuta zuwa. A ƙasashen da kwamfuta ta fara shiga gidaje, yaro ya saba da fayil da jaka da maɓallan rubutu kafin ya riƙe waya. Matashin Maraɗi ta waya ya shigo, ita kuwa an ƙera ta ne don ta ɓoye wa mutum inda take ajiye abubuwa. Shi ya sa za ka ga wanda ya gwanance da haɗa bidiyo, amma a ce ya nemo takardar da ya sauke jiya, sai ya koma WhatsApp yana lalube.

Sai wuta. Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna dogaro da layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar a farkon Agusta, a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, takunkumin da ba a ɗage ba sai ƙarshen Fabrairu 2024. Ko ba takunkumi ma, kowa ya san yadda kuran ke yi da bazara. Waya ɗan ƙaramin fano ya ishe ta, ko a kai ta wurin mai caji. Kwamfutar da batirinta ya mutu kuwa, da an ɗauke wuta ta zama faranti.

Abin da ya cike wannan giɓin shi ne siber, wato shagon kwamfuta da buga rubutu. Ka shiga ɗaya daga cikinsu makonni kaɗan kafin sutnans, wato ranar da ɗalibi ke kare memuwarsa gaban malamai, za ka tarar da ɗalibi zaune gefen mai buga rubutu, littafinsa na hannu a cinya, yana karanta masa sunayen tsirrai na Latin harafi-harafi. Ana biya ne a kan kowane shafi. Jerin babobin da ke farkon memuwar da hannu ake buga shi, ɗigo-ɗigo har zuwa lambar shafi. Malami ya duba ya ce a ƙara sakin layi biyu a babi na biyu, sai duk lambobin su goce, a koma a sake biya. Aikin gaba ɗaya yana kan kile guda, ɗan abin ajiye fayil da ake soka wa kwamfuta, wadda ta shiga na'urori goma, wata rana a buɗe a tarar ƙwayar cuta ta ɓoye jakunkunan duka. Mai siber bai yi laifi ba, buƙata ya gani ya biya. Amma ɗalibin zai fita da difloma da memuwar bugaggiya, alhali yatsunsa ba su taɓa tsara shafi ɗaya ba. Word kuwa na iya fitar da wancan jerin babobin da kansa cikin daƙiƙa, in an sa wa kanun suna tun farko. Koyon hakan bai fi yammaci guda ba.

## Jadawalin lissafi, inda aka fi faɗuwa

Idan za a zaɓi abu ɗaya da ya fi raba masu neman aiki, Excel ne da ire-irensa. Dalilin a bayyane yake a gari irin Maraɗi. Ɗauki ɗan kasuwar da ke sayen aya da wake da sefa, yana fitar da su ta Ɗan Isa da Jibiya, ana biyansa da naira. Sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 kan yuro ɗaya, naira kuwa tun watan Yuni na 2023 aka sake ta kasuwa ke yanka mata farashi. Ribar da ya lissafa ran Litinin na iya zama faɗuwa ran Alhamis. Yaron da ya iya jadawali zai ware gida ɗaya ya sa canjin ranar, ya ɗaura duk sauran lissafin a kansa: kuɗin buhu, dako, kuɗin mota, duwan. Da an canza lamba ɗayan nan, sai ribar kowace mota ta sake fitowa da kanta. Wanda bai iya ba zai yi lissafi da kalkuleta, sannan ya buga amsar a cikin gidan. A ido jadawalin biyu iri ɗaya ne. Mai gwaji yana danna gidan jimilla ne kawai ya ga ko dabara ce a ciki ko lamba ce aka buga, ya gama sanin wanda ke gabansa.

Akwai wani tarko da ya fi kama ƴan bakin iyaka. Kwamfutocin ofis a Nijar galibi da Faransanci suke, kilabiyensu AZERTY. Na hannu da ake sayowa daga Kano ko Katsina kuwa yawanci QWERTY ne, da Turanci, babu é babu ç a fuskarsu. Wanda ya koyi dabarun Excel irin su SUM da IF da VLOOKUP a bidiyon Turanci, ranar gwaji zai tarar da SOMME da SI da RECHERCHEV. Inda ya saba sa waƙafi a cikin dabara, na'urar na jiran waƙafi mai ɗigo. Biyu da rabi a can 2.5 ne, a nan 2,5, kuma in aka buga ba daidai ba na'urar na iya ɗaukarsa rubutu ta ƙi haɗa shi cikin jimilla. Ƙaramin abu ne, amma yana cinye rabin lokacin gwaji. A ɗaya ɓangaren, wanda ya saba da duka biyun ya samu abin da ɗalibin Yamai ko na Kano ba lalle ya samu ba. Maraɗi na da jami'ar Maryam Abacha mai zaman kanta tun 2013, wadda ke koyarwa har da Turanci, kuma kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya sa Turanci da Faransanci duka a matsayin harsunan aiki.

## Kowane fanni da kayan aikinsa

Ɗalibin noma ko na muhalli, aikinsa na farko sau da yawa shi ne tattara bayanai a ƙauyuka. Takarda da biro sun ja baya a wannan aikin. Yanzu da KoboCollect ko ODK ake yi: tambayoyin na cikin waya, ana cikewa ko babu rezo, in an dawo inda rezo yake sai a tura. Cike tambayoyin kowa zai iya koya a kwana ɗaya, shi ya sa ake ɗaukar masu yinsa na ƴan kwanaki a sallame su. Wanda ake riƙewa shi ne mai tsara tambayoyin, ya tace amsoshin, ya gano cewa "Tasawa" da "Tessaoua" gari ɗaya ne da aka rubuta iri biyu, ya fitar da rahoto. Su kansu tambayoyin ana iya tsara su a jadawalin Excel, wato an sake dawowa kan tushen nan.

Taswira ma haka. Sassaben zamani, wato barin kututturen itace ya sake toho a gona ana kula da shi, a yankin Maraɗi ya kankama a shekarun 1980. Manoma sun san gawo ya dawo gonakinsu, amma duniya ba ta san girman abin ba sai da aka kwatanta tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam, aka kiyasta kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Irin wannan aikin da QGIS ake yinsa a yau, manhajar da kyauta ce.

A fannin lafiya, alƙaluman asibitoci ta manhajar DHIS2 suke hawa zuwa ma'aikatar lafiya. Mai aikin fiton kaya yana hulɗa da duwan ta manhajar SYDONIA. Ɗan IUT mai karatun gini ba zai kai zanen hannu gaban ɗan kwangila ba, manhajar zane ta AutoCAD ake tambaya. Babu ɗalibin da ke buƙatar dukansu. Guda ɗaya ta fanninsa ta ishe shi, kuma wanda ya riƙe tushen ba ya daɗewa bai kama ta ba.

## Amana da doka

Ɗalibai da dama wani ne ya buɗe musu imel a siber ranar da za su tura dosiye, shi ya zaɓi kalmar sirrin, su kuma suka manta. Bayan shekara amsar da suke jira ta shigo akwatin da ba sa iya buɗewa. Wani kuma a kira shi a ce an tura masa lambobi shida bisa kuskure, ya taimaka ya karanto, kafin ya farga an ƙwace masa WhatsApp ana roƙon kuɗi da sunansa. Maganin duka biyun, wato kalmar sirri da mutum ya zaɓa da kansa da kuma kulle na biyu, ƙarin lambar da ake nema bayan kalmar sirri, ba ya cin ko dala.

Abin ya fi nauyi idan bayanan na wasu ne. Ɗalibar jinya da ta ɗauki hoton majinyaci ta tura zauren ajinsu don neman shawara da kyakkyawar niyya ta yi, amma ta fitar da sirrin da ba nata ba. Nijar na da dokar kare bayanan mutane da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Tana kuma da dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka yi wa gyara a watan Yuni na 2024 aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna, zagi da yaɗa abin da ka iya tada hankalin jama'a ta na'ura. Masu goyon bayan gyaran na cewa ƙarya da cin mutunci sun yi yawa a dandalin zumunta. Ƙungiyoyin ƴan jarida da na kare haƙƙi na ganin zai iya toshe bakin masu suka. Ko wane ɓangare mutum ya bi, sanin abin da dokar ta ce kafin a tura saƙo gaba ya shiga cikin ilimin da ɗalibi ke buƙata.

## Ƙirƙirarriyar basira da rubutun Hausa

Masu cewa ChatGPT ya kashe tsofaffin dabaru suna da gaskiya ta wani gefe: yana gyara Faransancin wasiƙa, yana bayyana dabarar Excel da ta gagara, yana taƙaita doguwar takarda. Amma aikinsa shi ne jera kalmomin da suka fi dacewa su biyo juna, ba ya rantsuwa a kan gaskiyarsu. Yana iya ƙirƙiro sunan littafi da marubuci da shekara, duka babu su. Kuma ya fi rauni a inda rubutu ya yi ƙaranci a intanet, kamar farashin hatsi a kasuwannin ƙauye, ko irin gero da ake shukawa a Gidan Rumji. Wanda ya san fanninsa zai kama kuskuren ya amfana da sauran. Wanda bai sani ba zai kwafa ya kai gaban alƙalan sutnans, tambaya ɗaya ta tona shi.

Kundin 2025 ɗin nan ya kuma ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Idan hakan ya sauka a aikace, za a buƙaci masu iya buga Hausa daidai a na'ura, da haruffa masu lanƙwasa. Baki da baƙi ba ɗaya ba ne, haka kafa da ƙafa, kuma Nijar na rubuta ƴ inda Najeriya ta fi rubuta 'y. Maɓallan Hausa kyauta ake saka su a waya. Masu digirin da ke iya rubuta rahoto da harshen da suke magana da shi kullum ba su kai yawan da ake zato ba.

## Wa ya kamata ya koyar

Ɗalibai da iyaye da yawa na ganin nauyin jami'a ne: an biya rajista, an sa darasin anformatik a manhajar karatu, to a samar da ɗaki da na'urori da wuta. Hujjarsu mai ƙarfi ce, domin in aka bar kowa ya yi ta kansa, ɗan mai hali ne zai wuce. Malamai kuma na nuna cewa yawan ɗalibai ya zarce kayan aiki, kuma darasi ɗaya a shekarar farko ba ya zama a hannu in babu maimaici, kamar yadda ba a koyon tuƙin babur a kan allo. Daga cikinsu akwai masu ganin gara kowane malami ya riƙa karɓar aikin gida ta na'ura, malamin ƙididdiga ya nemi jadawali, na noma ya nemi taswira, a maimakon a ware anformatik a gefe guda.

Masu cewa ɗalibi ya koya wa kansa ta YouTube su ma ba su yi ƙarya ba, darussan na nan kyauta. Sai dai bidiyo na cin forfe, kuma kallo ba yi ba ne. Cibiyoyin horo masu zaman kansu na bayar da takardar shaida bayan wata ɗaya ko uku. Wasu na koyarwa da gaske, wasu kuma mutum huɗu ne kan na'ura ɗaya. Inda ake gwaji a aikace, takardar ba ta ceton kowa.

## Yadda abin ke sauka a gidaje

Nauyin ba ɗaya yake kan kowa ba. Ɗalibin da ya taso a cikin gari, wanda yayansa ke aikin ofis, ya taɓa na'ura tun yana koleji. Wanda ya zo daga ƙauye da burs kaɗai yake kallo, in ta makara abinci ne a gaba, ba forfe ba. Ɗaliba mace na da ƙarin shinge: da dare ne rezo ke sauƙi kuma siber ke raguwa da mutane, lokacin da gidaje da yawa ba sa barin ƴa mace a waje. Idan daga ita sai waya, tana iya karanta darasi, amma jadawali mai layi ɗari uku ba ya yiwuwa a kan allon da bai fi tafin hannu ba.

Masu siber kuwa, aikin buga rubutu zai ragu a hankali, na bugawa a takarda da ɗinke memuwar da horarwa zai fi daɗewa. Ƴan kasuwar da suka tura ƴaƴansu jami'a su ne za su fi saurin ganin amfanin abin ko rashinsa, domin littafin bashin shago shi ne jadawali na farko da yaro zai iya gwada hannunsa a kai, tun kafin ya nemi aiki a ko'ina.

Shi kuma uban da ke shirin sayar da rago, abin da aikin nan ke buƙata ba sabuwar na'ura ba ce. Rubutu, jadawali da KoboCollect ba sa neman mai tsada. LibreOffice da QGIS da Zotero, mai jera wa ɗalibi littattafan da ya dogara da su, duka kyauta ne, kuma da zarar an saka su suna aiki ba tare da intanet ba. A wurin saye, a cire caja a ga ko batirin zai riƙe awa biyu zuwa uku, a danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, a duba ko AZERTY ne ko QWERTY. Inda rago ɗaya bai isa ba, ɗalibai uku ko huɗu na ɗaki ɗaya kan haɗa kuɗi su sayi guda su raba sa'o'i, kowa da jakarsa a ciki, kowa kuma ya riƙa tura wa kansa kwafin aikinsa ta imel duk ranar da ya taɓa shi.